Yadda ake ɗaukar hoton malam-buɗe-littafin tumfafiya da wayar hannu, a kuma bayyana kamanninsa da halinsa

Akwai wani kangon fili a bayan layinmu da ake zubar da shara a gefensa, tumfafiya ta cika shi, babu mai kallon wurin sau biyu sai awaki da yara masu tsintar gwangwani. Toh a nan na ɗauki hotunan malam-buɗe-littafi da suka fi kowanne kyau a wayata, kuma duk wanda na nuna wa sai ya ce a wane lambu ne, ko da wace kyamara. Wayar nan ce dai da nake amsa kira da ita. Abinda ya canza kawai shi ne na daina bin ƙwaron da gudu kamar yaro, na koyi inda yake kwana da inda yake ci da inda macen take saka ƙwai, sai ya zama ni nake riga shi zuwa wurin in zauna in jira shi.

Wanda zan yi magana a kai shi ne wannan mai ruwan goro da baƙin baki, wanda kowa ya sani tun muna yara muna bin sa muna malam buɗe mana littafi. A Najeriya akwai ire-iren malam-buɗe-littafi sama da 1,000, amma da wannan ya kamata ka fara, saboda dalilin da zan faɗa nan gaba kaɗan. Sunansa na kimiyya Danaus chrysippus, Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ne ya fara rubuta shi a littafin kimiyya a 1758. Ka riƙe sunan don da shi za ka bincika a intanet, ni dai a bakina sunansa malamin tumfafiya.

Mataki na farko: ka san wanda kake nema

In ya buɗe fuka-fukansa faɗinsa kamar santimita 7 zuwa 8 ne, wato kusan tsawon ɗan yatsanka manuni. Fuka-fukai huɗu ne, biyu a gaba biyu a baya. Na gaban ruwan goro ne, can ƙarshen kowanne akwai baƙi mai faɗi, a cikin baƙin kuma wasu fararen tabo sun jeru a karkace kamar an ja layi da alli. Gefen fuka-fukan duka baƙi ne siriri da ƙananan fararen ɗige-ɗige. Kai da ƙirji baƙi ne da ɗigon fari, cikin kuma ruwan ƙasa-ƙasa.

Yanzu ga inda mutane suke rikicewa. In ka buga sunan a intanet mafi yawan hotunan da za su fito na Indiya ne ko kudancin Afirka, kuma waɗancan fuka-fukansu na baya ma ruwan goro ne. Namu na Afirka ta Yamma fuka-fukan bayansa fari ne, sai ɗan ruwan goro a gefe kafin baƙin. Masana suna kiran wannan launin alcippus. Iri ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta, don haka kar ka ce ka gano sabon ƙwaro. A gabashin Afirka ma akwai wani launin da ba shi da baƙin nan na ƙarshen fiffike gaba ɗaya.

Namiji da mace kuma, a fiffiken baya ake ganewa. Kowannensu yana da baƙaƙen ɗigo uku a wajen tsakiya, amma namijin yana da na huɗu, ya fi sauran girma kuma ya ɗan kumbura, in ka kalle shi ta ƙasan fiffiken za ka ga fari a tsakiyarsa. Wannan ɗigon wata 'yar jaka ce ta ƙamshin da yake jawo mace da shi. Uku mace, huɗu namiji, shi kenan. Da zarar ka iya wannan za ka ga kana ƙirga ɗigo a duk hoton da ka ɗauka ba tare da ka sani ba.

Dalilin da yasa na ce da shi za ka fara: ba ya sauri. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, dafin da ke cikin nonon tumfafiyar nan ya taru a jikinta, har ta zama malam-buɗe-littafi dafin yana nan. Tsuntsun da ya haɗiye shi amai zai yi, kuma ba zai sake marmarin mai wannan launin ba. Shi yasa za ka ga yana tashi a hankali, ƙasa-ƙasa, yana yanga kamar mai gari ya fito zagaye, launinsa ma tallar kansa yake yi cewa ni ba na ciyuwa. Ka gwada shi da wancan babban baƙin mai tabon rawaya da yake zagayen bishiyar lemo, wanda ko zuma yake sha fuka-fukansa ba sa daina kaɗawa, wannan sai ya sa ka jefar da wayar don haushi. Ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Mataki na biyu: ka nemo wurin, ba ƙwaron ba

Ka zaga unguwa ka nemo inda tumfafiya take da yawa, kangon fili, gefen titi, bakin kududdufi, gefen gona, bayan makaranta. Wacce take da sabon toho ta fi, don macen ta fi son saka ƙwai a ganye mai taushi. Ka juya ganyen ka duba bayansa. In ka ga wani ɗan abu fari-fari bai kai ƙwayar gero ba a manne shi kaɗai, ƙwan ne, ɗai-ɗai take saka shi ba a tare ba. In ka ga ganye an huda shi an yi wani ɗan zagaye, ƙaramar tsutsa ce ta yi, tana fara gatsa zagaye ne don nonon ya tsiyaye sannan ta ci na tsakiyar. In ka ga waɗannan alamun toh ka samu wuri, manyan suna kusa.

A kula da nonon tumfafiya don Allah. In ya shiga ido yana yin illa sosai, ido ya yi ja gani ya dushe, sai an je asibiti. Kar ka karya ganyen, in kuma ya taɓa hannunka kar ka sosa ido sai ka wanke da sabulu, in da yara ka je ka ja musu kunne tun daga gida.

Bayan tumfafiya sai ka duba ina furanni suke a kusa, don can manyan suke shan zuma. Furen tumfafiyar kanta suna sauka a kai, haka lantana ɗin nan da ake shinge da ita mai ƙananan furanni ja da rawaya a dunƙule, da 'yan furannin ciyawa masu farin gefe da rawayan tsakiya da suke fitowa a gefen hanya. In lambun wani ne ka yi sallama ka nemi izini, ka faɗi abinda ya kawo ka, za a yi maka dariya amma za a bar ka. Lambun da aka yi wa feshin maganin ƙwari kwanan nan kuwa kar ka ɓata lokacinka. Sannan kar ka je kana ɗaga waya a kusa da barikin jami'an tsaro ko shingen bincike, bayanin cewa malam-buɗe-littafi kake ɗauka ba zai yi saurin shiga ba.

Mataki na uku: lokaci

Wannan ya fi komai. Jikin malam-buɗe-littafi ba ya ɗumama kansa kamar namu, sai rana ta buge shi yake samun ƙarfin tashi. Don haka da sassafe, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe takwas da rabi, za ka same shi a maƙale a jikin ciyawa ko ƙaramin reshe inda ya kwana, fuka-fukai a rufe, ko motsi ba ya son yi. Da rana ta ɗan ɗaga sai ya buɗe su ya shanya yana shan hantsi, a nan ne ake samun hoton saman fiffike. Da ƙarfe goma ta wuce jikinsa ya yi zafi, sai yawo, kuma hasken ya yi tsauri, farin fiffiken bayan nan zai ƙone a hoto ya zama fari fat ba komai a ciki. Da yamma bayan la'asar sakaliya ma ana samu, lokacin da suke neman makwanci, wani sa'in ka ga uku huɗu a kan kara ɗaya.

A shekara kuma, ƙarshen damina zuwa kaka, wato Satumba zuwa Nuwamba, lokacin suka fi yawa. Amma shi wannan ana ganin sa kusan ko yaushe tunda tumfafiya ba ta bushewa ko da rani. Safiyar hunturu tana da daɗin aiki don sanyi yana sa su daɗe ba su tashi ba, kuma hazo yana tausasa haske, matsalarta iska, ita ce take kaɗa reshen da ya sauka. Ranar da ake iska sosai ka yi zamanka a gida.

Ka sa takalmi rufaffe da dogon wando, ƙarshen damina akwai maciji a cikin ciyawa, ga ƙarangiya. Kaya masu duhu-duhu ko ruwan ƙasa sun fi farar shadda mai ƙyalli, babbar riga kuwa da ka ɗaga hannu ta kaɗa ya tashi.

Mataki na huɗu: saita wayar tun kafin ka isa

Fara da goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. Kar ka raina wannan, wayar da ta kwana a aljihu da maiƙon hannu hotonta dishi-dishi yake fitowa ka yi ta zargin kamfani.

Ka kashe filasha. Ka kashe duk wani abin gyaran fuska da filta, don yana goge ƙananan zanen fiffike kamar yadda yake goge ƙuraje. Wurin nan da aka rubuta Portrait ma ni ba na amfani da shi, yana dusar da bayan hoto da kyau amma sau da yawa sai ya haɗa da 'yan ƙahonnin ƙwaron ya cinye su. Ka tabbatar girman hoton yana kan 4:3, shi ne yake amfani da kyamarar gaba ɗayanta, na cika sikirin ɗin nan yanke hoton yake yi.

Maganar zum. In wayarka tana da kyamarar nesa ta daban, mai 2x ko 3x, da ita za ka yi aiki, kana tsaye nesa kaɗan ƙwaron bai tsorata ba kuma bayan hoton ya dushe da kansa. In ba ta da ita ka tsaya a 1x zuwa 2x, duk abinda ya wuce haka hoton fashewa yake yi, gara ka ɗauka daga nesa ka yanke daga baya. 'Yar kyamarar makro, wato ta ɗaukar abu daga kusa-kusa, da ake sakawa a ƙananan wayoyi yawanci megafiksel 2 ce kuma sai ka kai ta kamar santimita 4 kusa da abu, ta yi daidai da ƙwai ko tsutsa, amma babba ba zai tsaya maka haka ba. Babbar kyamarar wayar kuma in ka matsa ƙasa da kamar santimita 10 yawanci ba ta iya kama fokas, sai ka ga ganyen baya ya fito tar ƙwaron ya dushe.

In akwai Pro a kyamarar, wato inda kake saita komai da hannunka, ka shiga. Saurin ɗauka ka sa shi 1/500 na daƙiƙa, in yana buɗewa yana rufewa ko ana 'yar iska ka kai 1/1000. ISO, wato ƙarfin kama haske, ka bar shi tsakanin 100 da 400, in ka wuce haka a waya hoton sai ya yi yashi-yashi. In duk wannan ya yi maka yawa ka bar shi a otomatik, da hasken safiya wayar za ta yi ƙoƙari. Mai kyamara irin ta masu hoto ba ta waya ba kuma, lens mai kai wa 200 ko 300mm ko makro na 100mm, buɗewar f/5.6 zuwa f/8, sauri dai 1/500 ko sama.

Ka koyi yadda wayarka take ɗauka a jere tun a gida. Wasu danne maɓallin ɗaukar ake yi a riƙe, a Samsung jan sa ƙasa ake yi, a sababbin iPhone jan sa hagu. Hoto 20 a jere, ɗaya ko biyu ne za su yi kyau, kuma haka kowa yake yi, waɗanda kake ganin hotunansu a Instagram ba sa nuna maka ɗari ukun da suka goge.

Mataki na biyar: matsowa

A nan ake cin jarrabawa ko a faɗi. Idonsa yana kama motsi mai sauri sosai, kuma yana gani kusan ta ko ina, amma abu mai tafiya a hankali bai cika damun sa ba. Abu biyu ne suke tayar da shi, motsin farat ɗaya da inuwa. Kar ka taɓa bari inuwarka ko ta wayar ta faɗa kansa, a wurinsa wannan tsuntsu ne ya kawo sura. Kafin ka taka ka duba ina inuwarka take faɗuwa, ka zagaya yadda rana za ta kasance a gefenka.

Tun daga nesa, kamar taku huɗu, ka ɗauki hoto ɗaya ko da bai yi kyau ba, don in ya tashi kana da shaida. Sai ka yi taku ɗaya ka tsaya ka sake ɗauka. Wayar ta kasance a ɗage tun farko, hannu biyu, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, kar sai ka iso kusa sannan ka ɗaga ta. Taku na ƙarshe ba da ƙafa ake yi ba, tsugunawa za ka yi a hankali ka miƙa hannu. Ka sauko daidai tsayinsa, hoton da aka ɗauka daga tsaye ana leƙo shi daga sama ba ya da rai, ƙasa da leda kawai ake gani a baya.

Ka jira sai ya fara shan zuma. Yana da wani dogon baki siriri da yake naɗe shi kamar maganin sauro na kunnawa, in ya sauka a fure sai ya warware shi ya zura. Da ka ga ya zura toh hankalinsa ya tafi, kana da 'yan daƙiƙu. In kuma ya tashi kar ka bi shi, wallahi wannan ne kuskuren da na fi daɗewa ina yi. Ka tsaya a inda kake ka bi shi da ido, sau da yawa zagaye yake yi ya dawo furen ko na kusa da shi. Akwai ranar da na yi kusan minti arba'in a tsugune gaban lantana guda har wani dattijo ya tsaya da kekensa ya ce yaro lafiya, me ka yar. Na nuna masa hoton, ya daɗe yana kallo, ya ce ikon Allah ashe ɗigo ne a kansa.

Mataki na shida: ɗaukar kanta

Ka taɓa sikirin daidai kan ƙwaron, wajen idonsa, don fokas ya zauna a nan. In ka danna ka riƙe, yawancin wayoyi suna kulle fokas ɗin. Sai ka ja alamar ranar nan da take fitowa ƙasa kaɗan ka rage haske. Da wannan ƙwaron dole ne, saboda farin fiffiken baya. Hoto mai ɗan duhu ana iya haska shi daga baya, wanda ya ƙone ya tafi kenan.

Sannan ga sirrin da yake sa fiffike ya fito tar daga farko har ƙarshe: bayan wayarka ya fuskanci fiffiken sak, kamar kana ɗaukar hoton takarda a bango. In ya rufe fuka-fukai ka zo ta gefensa daidai. In ya buɗe ya shanya ka zo ta bayansa daga sama kaɗan. In ka karkace, rabi zai fito rabi ya dushe, don a kusa haka abinda kyamara take iya kamawa tar ba shi da kauri.

Ka kalli bayan hoton kafin ka danna. Ɗan gusawa hagu ko dama da tafin hannu ɗaya yana iya cire baƙar leda ko bulo ya sa koren ganye mai nisa a madadinsa, kuma duk yadda bayan ya yi nisa da ƙwaron haka yake dushewa ya yi laushi. Ka bar masa ɗan fili ta gaban inda yake kallo, kar ka matse shi a tsakiya. In ka samu dama ka gwada ɗaya da rana a bayansa, hasken yana ratsa fiffiken ya yi kamar an kunna fitila a ciki.

In don bayani kake ɗauka ba don ado kawai ba, hoto uku kake buƙata: saman fiffike a buɗe, ƙasan fiffike a rufe, da wanda ya nuna shukar da yake kai. Na tashi sama kuwa ka yi bidiyo, 4K in akwai ko mai firam 60, daga baya ka tsayar ka ciro hoton da ya yi.

Kar ka kama shi. Hodar nan da take manne maka a yatsa ƙananan ɓawo ne a jere kamar na kifi, su ne launin, kuma wanda ya goge ba ya sake fitowa. Masu saka shi a firij don ya sandare su ɗora a fure kuma, hoton yana tona musu asiri, ƙafafun ba sa kama furen yadda mai lafiya yake yi.

Mataki na bakwai: ka bi rayuwarsa a tumfafiya ɗaya

Wannan ya fi daɗi a wurina, kuma ba ya buƙatar sanɗa. Ka zaɓi tumfafiya ɗaya mai ƙwai ka riƙa leƙa ta kullum ko bayan kwana biyu. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 zuwa 5. Tsutsar tana da ratsin baƙi da fari da tabon rawaya, da wasu baƙaƙen zare guda shida, biyu-biyu, a wajen kai da kusa da tsakiya da wajen wutsiya. Ci kawai take yi tana saɓa, mataki biyar take bi, cikin mako biyu zuwa uku ta ƙoshi. Daga nan sai ta nemi wuri ta rataye kanta a ƙasa, ta tuɓe fatar ƙarshe ta zama wani ɗan ƙulli sumul, kore mai haske ko ruwan hoda, da ɗigon zinare a jiki, kai ka ce ɗan kunne ne aka rataye. Ka duba har jikin katanga da ciyawar kusa don takan bar tumfafiyar. Mako ɗaya zuwa biyu yake yi a haka. Ranar da ka ga ƙullin ya yi duhu har kana hango ruwan goron fiffike ta ciki, gobe da asuba ka zo da cajinka a cike. Yawanci da safe yake fitowa, fuka-fukai a cukurkuɗe a jiƙe, ya rataye yana tura ruwa cikinsu har su miƙe, kuma zai yi awa ɗaya ko biyu bai iya tashi ba. Ba za ka taɓa samun wanda launinsa ya kai na wannan ba, ko ƙwarzane babu, kuma yana zaune yana jiran ka.

Mataki na takwas: rubuta bayanin

Tun kana wurin ka rubuta a wayar ko ka yi rikodin murya: kwanan wata, ƙarfe nawa, unguwa ko gari, yanayin gari, wace shuka, me yake yi. In ka bari sai dare za ka haɗa na jiya da na yau. Wajen kamanni ka bi tsari ɗaya kullum, girma, saman fiffiken gaba, na baya, ƙasan fiffike, jiki. Ka faɗi abinda ka gani kawai. "Yana da kyau sosai" ba bayani ba ne. Ga irin yadda nake rubuta nawa:

Namiji, da safe wajen ƙarfe takwas, gari da ɗan hazo ba iska. Faɗinsa kamar santimita 7. Fiffiken gaba ruwan goro, ƙarshensa baƙi da jerin fararen tabo. Na baya fari, ɗigo huɗu baƙaƙe, na huɗun ya fi girma. Ta ƙasa launin ya fi haske, ƙarshen fiffiken gaba bayan fararen tabon rawaya-rawaya ne ba baƙi ba. Gefen fiffiken hagu ya ɗan yage. Ya sha zuma a lantana, yana buɗewa yana rufewa a hankali, ya tashi sau uku yana dawowa reshe ɗaya.

In ka zuƙo hoton ka ƙirga ƙafafu za ka ga huɗu yake tsayawa a kai, alhali ƙwaro shida gare shi. Biyun gaban ƙanana ne a naɗe a ƙirji, haka duk danginsu suke. Kuma da ƙafa suke ɗanɗano, shi yasa za ka ga macen ta sauka a ganye tana ɗan buga shi kafin ta lanƙwasa ciki ta manna ƙwai, tabbatarwa take tumfafiya ce. 'Yan ƙahonnin kansa kuma ƙarshensu yana da ɗan kauri, wannan yana cikin abinda ya raba su da irin na dare masu zuwa wajen fitila.

Sai ka yi hattara da 'yar kwaikwayo. Akwai wani iri daban, Hypolimnas misippus, namijinsa baƙi ne da manyan fararen tabo masu kewayen shuɗi, amma macen ta ari rigar malamin tumfafiya kusan sak, har da mai farin fiffiken baya akwai. Ita ba ta da dafin, da rigar aro take tsira daga tsuntsaye. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Bates, shi ya yi bayanin irin wannan dabarar a 1862 bayan shekarun da ya yi a dajin Amazon. Yadda za ka gane ta a hoto, ka duba fiffiken baya, babu jerin ɗigo ukun nan ko huɗu a tsakiya, baƙin gefen ya fi faɗi, bakin fiffiken kuma ya fi yin tudu da kwari. Ni ma na taɓa saka hotonta da sunan da ba nata ba har aka gyara min.

In kana son ƙara wa bayanin armashi, akwai zanen bango daga kabarin wani ma'aikaci mai suna Nebamun a wajen Luksor ta ƙasar Masar, an yi shi sama da shekara 3,300 da suka wuce, yana farautar tsuntsaye a fadama, ga wannan malam-buɗe-littafin nan a zane a tsakanin tsuntsayen. Zanen yana gidan tarihin Birtaniya a Landan yanzu.

Gyara da turawa

Gyara kaɗan ya isa. A Snapseed ko Lightroom ko editan wayar, ka yanke, ka rage hasken wuraren da suka yi fari da yawa, ka ɗan ɗaga inuwa. Kar ka cika launi har ruwan goro ya koma ja, in ka yi haka bayaninka da hotonka sun saɓa. In za ka tura wa wani ta WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi ɗige-ɗigen su narke. Don tabbatar da suna kuma ka ɗora a iNaturalist da kwanan wata da wurin, manhajar za ta ba ka hasashe sannan mutanen da suka san harkar su duba su tabbatar ko su gyara, ita ta fi Google Lens a wannan aikin don shi yakan ruɗe da 'yar kwaikwayon nan. In a cikin gidanku ka ɗauka akwai inda ake ɓoye ainihin wurin a manhajar, ka danna shi kafin ka tura.